Wasiƙa Daga Libreville Zuwa Ga Ministan Albarkatun Ruwa: A Sake Lissafin Ambaliyar Tiga

Mai girma Minista,

 Ina rubuto maka daga Libreville, babban birnin Gabon, inda neman abinci ya zaunar da ni shekara da shekaru. Ni mutumin ƙasar Kano ne, an yanke cibiyata a wani gari na bakin kogi, ƙasa da inda ruwan Tiga da na Challawa suke gamuwa. Sana'ata a nan ita ce lissafin kwalbati da lambatu: a nuna mini inda titi zai bi, in faɗi girman ramin da ruwa zai wuce ta ƙarƙashinsa. Aiki ne ƙarami idan aka jera shi da gina dam, amma tambayar da muke amsawa ɗaya ce. Ruwa nawa zai zo a ranar da ya fi na kowace rana, kuma ƙofar da muka bar masa za ta ishe shi?

Da safiyar Talata, 10 ga Satumba 2024, ina zaune a teburin mai shayi kusa da kasuwar Mont-Bouët. Rani ne a nan a lokacin, domin daga Yuni zuwa Satumba sararin Libreville kan lulluɓe da gajimare mai toka-toka amma ba ya zubar da komai. Sai na ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa sun yi cincirindo a kan waya guda. Maiduguri ce. Ruwa iya ƙirji a kan titi, mata ɗauke da yara a wuya, dattawa a kan rufin kwano. Wani bawan Allah mai sayar da yadi, wanda mahaifiyarsa take Gwange, ya yi ta kiran lamba ɗaya, waya ta ƙi shiga. Shayinsa ya huce a gabansa, ƙuda ya faɗa ciki, bai ma sani ba. Sai bayan la'asar ya ji muryar ƙanwarsa tana cewa sun tsira, suna wata makaranta, amma da kayan jikinsu kaɗai. Ni kuwa tun da na ji an ambaci Alau, zuciyata ta tafi Tiga, har yau ba ta dawo ba.

Ka fi ni sanin dalili. Dam ɗin Alau, wanda aka gina a kan Kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, ruwan da yake riƙewa bai wuce kubik mita miliyan 112 ba, ga kuma abin da ya yi wa Maiduguri, birnin Shehu, a dare ɗaya. Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana riƙe da fiye da ninki goma na wannan. Tarin ƙasa ne da aka danne, tsawonsa kusan kilomita 6, tashinsa sama kusan mita 48. Challawa ya zo ya ƙaru a 1992. Duk abin da ya fito daga cikinsu hanya ɗaya zai bi: Wudil, Ringim, Auyo, Haɗeja, har Nguru da Gashuwa. Dam ɗin ƙasa yana iya jure ruwa a gabansa shekara ɗari, amma idan ruwa ya haura ta kansa, sai ya dinga zaizayar bayansa kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katangar ƙasa, kafin a ankara ya yage. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dam ɗin da suka taɓa ɓallewa a duniya ta wannan hanya suka tafi. Mu Kanawa ba sai an kawo mana misali daga nesa ba, mun ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988.

Roƙona ɗaya ne. A sake lissafin girman ambaliyar da za ta iya auka wa Tiga da Challawa da sauran manyan dam ɗinmu, da alƙaluman da suka kai har damunar bara, sannan a fito da sakamakon fili kowa ya gani.

Bayan abin da ya faru a Maiduguri an yi ta musu, wasu suna cewa dam ɗin ne ya ɓalle, wasu suna cewa ruwa ne ya tumbatsa. A wurin mai lissafi duka biyun ƙofa ɗaya suke kaiwa: nawa ya shigo, nawa kuma aka gina dam ɗin ya iya fitarwa. Amma maganar da ta fi tayar mini da hankali wata ce daban. Da yake an yi irin wannan ambaliya a Maiduguri a 1994, sai na ji mutane, har da masu ilimi, suna cewa ai abin duk bayan shekara talatin yake zuwa. Wanda ya yarda da haka ya kwanta ke nan sai 2054. Wannan kuskure ne mai kisa, kuma mu ma'aikatan ruwa muna da laifi a ciki, domin mu muka saba cewa "ambaliyar shekara ɗari" ba tare da mun tsaya mun fassara ba.

Ga yadda nake bayyana wa yaran da suke koyon aiki a hannuna. Ka ɗauki ƙwarya, ka zuba wake 100, guda 99 farare, ɗaya ja. Kowace damina ka rufe ido ka ɗauki ƙwaya ɗaya, ka duba, ka mayar, ka girgiza. Jan nan shi ne ambaliyar shekara ɗari. Yana iya fitowa bana, ya sake fitowa baɗi, domin ƙwarya ba ta tuna abin da ta ba ka bara. Idan ka yi ta ɗauka shekara 30, yiwuwar ka gamu da shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100. A shekara 50, wato shekarun Tiga a 2024, ta kusa kashi 40. A shekara 70 ta haura rabi. Ko da a ce gaskiya ne ambaliyar Maiduguri ta shekara talatin ce, yiwuwar ta dawo cikin shekara goma masu zuwa ta kusa kashi 29 cikin 100. Shi ya sa babu mai hankalin da zai gina babban dam a saman gari da awon shekara ɗari. Ana amfani da na shekara dubu, ko dubu goma, ko ma a lissafa iyakar ruwan da sama za ta iya zubarwa a wannan yanki, a gina mafitar rarar ruwa daidai da shi. Kai kuma, ranka ya daɗe, ba ƙwarya ɗaya ce a gabanka ba. A ce kana da dam 100, kowanne an gina shi da awon shekara dubu, to a kowace shekara yiwuwar ruwa ya fi ƙarfin ɗaya daga cikinsu tana kusa da ɗaya cikin goma.

Wahalar aikin ita ce babu wanda ya taɓa leƙa cikin ƙwaryar. Ba mu san jajaye nawa ne a ciki ba, sai dai mu yi kirdado daga abin da ya riga ya fito. Ana ɗaukar ruwa mafi girma da ya wuce a kogi a kowace shekara, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a nemi layin da ya fi dacewa da jerin, sannan a miƙa layin gaba zuwa inda ido bai taɓa gani ba. Wani masanin lissafi Bajamushe, Emil Gumbel, shi ne ya fi yin suna a wannan fanni, littafinsa na 1958 har yau da shi ake koyarwa. Hanya ce mai kyau, amma ba ta iya ba ka abin da ba ka ba ta ba. Idan awon shekara 15 kaɗai gare ka, akwai yiwuwar kashi 86 cikin 100 cewa ambaliyar shekara ɗari ba ta taɓa shiga littafinka ba, ga shi kuma ana so ka faɗi ta shekara dubu. Mai gaskiya a wannan hali ba ya ba da lamba ɗaya. Yakan ce tana tsakanin kaza da kaza, kuma sau da yawa na saman ya ninka na ƙasan. Wannan tazara ta shakka ita ce abin da ya fi kamata mai mulki ya gani, ita ce kuma aka fi gogewa kafin rahoto ya iso teburinsa.

Ba ina ƙasƙantar da waɗanda suka gina Tiga ba ne, Allah ya saka musu. Tumatir da shinkafar Kadawa da Kura, da ruwan famfon birni, duk albarkacinsu ne. Sai dai awon kogunan yankinmu a tsare bai fara ba sai farkon shekarun 1960, saboda haka abin da ke hannunsu kaɗan ne. Ba su ga ambaliyar 1988 ba, ba su ga ta 2001 ba, ba su ga ta 2012 da 2022 da 2024 ba. Mu mun gani. A 1992 an rage tsayin mafitar ruwan Tiga da mita uku da rabi domin lafiyar dam ɗin, aka haƙura da wani kaso na ruwan da yake tarawa. Wannan ya nuna cewa sake duba lissafi ba abin kunya ba ne, an taɓa yi, kuma ya yi amfani. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan.

A Chaina akwai dam ɗin Banqiao, wanda aka ƙarfafa shi don ya jure ambaliyar shekara dubu, bisa awo na 'yan shekaru. A watan Agustan 1975 guguwa ta zubar da ruwa fiye da milimita 1,000 cikin kwana uku, dam ɗin ya tafi da dare, dubun dubatar mutane suka halaka. A Derna ta Libiya, shekara guda kafin Alau, dam biyu na shekarun 1970 suka ɓalle a daren 10 ga Satumba 2023, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, ban da waɗanda teku ta haɗiye. Abin da ya fi ciwo shi ne, a 2022 wani malamin Jami'ar Omar al-Mukhtar, Abdelwanees Ashoor, ya wallafa bincike yana gargaɗin cewa babbar ambaliya za ta fi ƙarfin dam ɗin nan. Lissafin yana nan a rubuce, mai karanta shi ya yi aiki da shi ne aka rasa.

Zaman Gabon ya koya mini wani abu da ban lura da shi ba ina gida. Wutar da nake rubuta wannan wasiƙa da ita, wani ɓangarenta daga Kinguélé da Tchimbélé take zuwa, dam biyu a kan Kogin Mbéi, cikin duwatsun Monts de Cristal. Na farko ya fara aiki a 1973, na biyu a 1980, wato sa'annin Tiga ne. Libreville tana samun ruwan sama kusan mita uku a shekara, ninki uku na abin da Kano ta saba samu. Mutum zai zaci mai lissafin ambaliya a nan ya fi shan wuya, amma ta wata fuska nasa ya fi sauƙi. Kogin kurmi ba ya ƙafewa, daji yana riƙe ruwa yana sakinsa sannu a hankali, cikarsa ta bana ba ta yi wa ta bara nisa sosai ba. Kogin Ogooué ma ana auna shi a Lambaréné tun wajen 1930. Namu kogunan fa? A watan Maris yara suna ƙwallo a cikinsu, masu tifa suna lodin yashi. A watan Agusta kuma kwana biyu na ruwa ya isa su zama teku. Shekara ɗaya su tashi kaɗan, wata shekarar su ninka sau da yawa. Kogi mai irin wannan hali shi ya fi bukatar dogon awo kafin a ce an san shi, kuma shi ne muka fi yi wa gajere.

Sannan ga wani abu da ya fi wannan nauyi: wani yana ƙara jan wake a cikin ƙwaryar. Duk lissafin da na bayyana ya dogara ne da cewa gobe za ta yi kama da jiya, kuma wannan ya daina zama gaskiya a Sahel. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa hadari mai tsananin ƙarfi ya ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Ƙasar ma ta canza. An sare itatuwa, an nome fadamu da tuddai, fuskar ƙasa ta yi ɓawo kamar ƙanzo, ruwan da dā yake nutsewa yanzu gudu yake yi. Masana a Nijar da Burkina Faso sun daɗe da lura da cewa ko a shekarun farin 1970 da 1980, lokacin da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke kwarara a wasu kogunan Sahel ƙaruwa ya yi. A Yamai, inda ake auna Kogin Kwara tun 1929, jan ruwan damina da ke fitowa daga kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ya kafa tarihi a 2012, ya sake karya shi a Satumban 2020, har ya kai wajen mita bakwai a sandar awo. A ofisoshin injiniyoyi na ƙasashen renon Faransa har yau akan ɗauko hanyar Rodier da Auvray ta 1965 a lissafa ambaliyar ƙananan rafuka. Ni ma da ita na koyi aiki, kuma ina girmama ta, amma ƙasar da suka auna ba ita ce muke takawa yau ba. Ƙara da cewa yashi da laka suna taruwa a gindin kowane dam, suna cinye wurin da aka tanadar wa ruwa, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, ta yadda sakin da dā zai wuce lami lafiya yanzu gonaki yake kwanta wa.

Duk wannan lissafi, mai girma Minista, a kan kafaɗar wani talaka yake tsaye. Ina yaro, akwai wani dattijo a garinmu da aka ɗauka aikin karanta sandar awo a gindin gada. Kullum bayan sallar asuba zai tura kekensa zuwa bakin kogi, ya naɗe ƙafar wando, ya share kainuwar da ta maƙale a jikin sandar, ya sunkuya ya duba, ya lashi bakin fensir, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango da yake naɗewa a leda. Da yamma ya koma. Mu yara mukan bi shi, ya bar mu mu faɗi lambar kafin ya rubuta. A wurinsa na fara ganin cewa ana iya mayar da kogi lamba. Daga baya ɗan abin da ake ba shi ya fara jinkiri, sannan ya tsaya cak. Ya ci gaba da zuwa na wani lokaci don sabo, har ruwa ya tafi da sandar, ba a kafa wata ba. Bayan rasuwarsa na tambayi iyalinsa littattafan. Aka fito mini da su daga cikin wata tsohuwar adaka, gara ta cinye fiye da rabi. Na buɗe wani shafi na watan Agusta, rabin lambobin suna nan da kyakkyawan rubutunsa, rabin sun zama ƙasa a tafin hannuna. Babu kuɗi ko na'urar da za ta dawo da waɗannan ranaku. Ruwan da ba a auna ba a ranar da ya wuce, ya wuce ke nan.

Don haka kafin a yi maganar kwangilar biliyoyi, a fara da wannan. A biya masu karanta sanda hakkinsu a kan kari, a kafa na'urori masu aiko da awo da kansu a inda ya dace, amma kada a sallami mutum, domin na'ura takan mutu a daren da aka fi bukatarta. A riƙa zuwa da kwale-kwale ana auna gudun ruwa lokacin cikar kogi, tunda tsayin ruwa a sanda ba ya faɗin yawansa sai an san siffar gindin kogin, gindin kuwa kullum canzawa yake saboda ɗibar yashi. A bi ɗakunan ajiya na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da na jihohi, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Kaduna, a ceto tsofaffin littattafai a shigar da su kwamfuta kafin gara ta gama da su. Kano tana da awon ruwan sama tun 1905, dukiya ce da ƙasashe da yawa ba su da irinta, kuma akwai hanyoyin da ake amfani da dogon awon ruwan sama a cike giɓin gajeren awon kogi. Dattawa ma littafi ne. Wanda ya nuna maka a jikin katangar masallaci ko gindin tsamiya inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi kaza, ya ƙara wa lissafinka shekara hamsin.

Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, kuma ana jin amfaninsa. Amma hasashen bana daban, lafiyar dam daban. Abin da nake nema takarda ce ga kowane babban dam, Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa da Jibiya, wadda za ta faɗi ruwan da aka gina mafitarsa ta fitar, da shekarun awon da aka dogara da su a wancan lokaci, da abin da sabon lissafi ya nuna, har da tazarar shakkarsa. A ba malaman Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Maiduguri alƙaluman, su yi nasu lissafin, su yi musu da na ma'aikata, domin a irin wannan musu ake kama kuskure. Inda aka ga ƙofa ta yi kaɗan, a faɗaɗa ta, kafin nan kuma a rage ruwan da ake tarawa gabanin Agusta. Na san wannan zai taɓa manoman rani, kuma ba ƙaramar magana ba ce ga mai iyali, shi ya sa ya kamata a zauna da su a nuna musu lambobin, kada su ji a bakin 'yan jita-jita. A kuma zana taswirar inda ruwa zai bi idan abin da ba a fata ya faru, da awannin da zai ɗauka kafin ya isa kowane gari, a karanta wa mutane da Hausa a rediyo, a ba dagatai da limamai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san za a samu mai cewa ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, kuma mun yi imani. Amma Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin dam ɗin mutanen Saba'u da ambaliyar da ta tarwatsa gonakinsu, ya kuma ba mu labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, wanda ya ƙirga shekarun yalwa da na fari ya yi tanadi. A shekarar 861 Halifa Mutawakkil ya sa aka gina ma'aunin Kogin Nilu a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, aka yi ƙarnuka ana rubuta tsayin ruwa shekara bayan shekara, har masanan zamanin nan suka amfana da wannan rubutu. Awon kogi gadonmu ne, dattijon garinmu da fensirinsa a wannan sahu yake.

Mahaifiyata tana nan a gidan da aka haife ni, tafiyar minti biyar daga bakin kogi, kuma ta ce ba inda za ta. Duk watan Agusta, a nan ana rani, ni ina bin labarin hadarin Kano a waya har tsakar dare. In Allah ya kai mu ƙarshen shekara zan zo gida, kuma zan gangara gindin gadar nan in duba ko an kafa sabuwar sanda. Idan ma'aikatarka tana bukatar hannu wajen shigar da tsofaffin littattafan awo cikin kwamfuta, ina da hutun wata guda, kuma ragowar littattafan dattijon suna wurina.

Allah ya taya ka riƙo, ya tsare mana garuruwanmu.

Naka,
Wani ma'aikacin ruwa ɗan ƙasar Kano,
Libreville, Gabon.